Ƙafafu Na Kai Asibiti

Nanton, farkon damina

Zuwa ga 'yata Sanatu, mai bandar kifi a Takoradi.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maƙwabtanki na bakin teku. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da take yi mini gardama tun da ruwa ya sauka. Ƙanenki Wumbei yana gaishe ki, kullum yana gonar doya. Afa Isahaku, malamin unguwarmu, shi ke riƙe da alƙalami kamar yadda aka saba. Na ja masa kunne ya rubuta abin da ya fito daga bakina kawai, kada ya ƙara nasa.

Bayan haka, ki zo gida. Akwai aikinki a nan.

Kin san Cimsi, matar Wumbei, wadda ba ki zo bikinta ba bara. Yarinya ce mai hankali, ba ni da abin cewa a kanta. To amma kwanakin nan ta canza. Da safe ba ta iya kallon koko, balle ta sha. In aka buɗe tukunyar daddawa sai ta toshe hanci ta yi bayan ɗaki da gudu, har ta kai miyar gidan nan yanzu lami muke cin ta, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi haƙori. Da rana tsaka sai ka same ta tana barci a gindin darbejiya, muciya a hannu. Tana yawo da ɗan gwangwani da toka a ciki saboda yawu. Shekaranjiya na gan ta a bayan rumbu tana gutsurar farar ƙasa. Ta ga na gan ta, sai na ɗaga kai sama kamar mai duba hadari.

Da mahaifiyarki tana raye, da ba ni ke sa ido a kan irin wannan ba. Amma babu tsohuwa a gidan, sai ni. Abin da na tuna tana yi, shi na sa ake yi. Ta tauna gasasshiyar masara kafin ta sauko daga gado, ta riƙa tsotsar citta da tsamiya, abinci kuma kaɗan-kaɗan, kada ta cika tumbi a zama ɗaya. Ta bakin Wumbei nake aikawa. Ni ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce mini ba. Matan unguwa sun gani, kowacce ta kama bakinta, yadda ya kamata.

Na je wurin mai duba, ya zazzage kayan jakarsa, muka riƙe sandar dubansa tare. Ke ta nuna. Na ce a sake, don na san halinki. Aka sake, ke ɗin dai.

Ba zan faɗi fiye da haka ba. Na san wani malamin zango za ki kai wa ya karanta miki da ƙarfi a gaban masu sayen kifi, mutumin da ban san sunan ubansa ba. 'Yar gidan makaɗa ce ke, kin san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Ki ba Zibilim direba amsa in ya sauke doya zai juyo. Ko ma dai ki hau motar tasa.

Mahaifinki,
Dokurugu makaɗi


Takoradi

Zuwa ga Babana.

Na durƙusa na gaishe ka. Yaya gwiwa? Ka riƙa gasa ta kana shafa man kaɗe, ka kuma rage saɓa kalangu kana bin duk inda aka yi rasuwa, ba yaro ba ne kai. Ina gaida Wumbei da Afa. Ni lafiyata ƙalau.

Baba, an karanta mini takardarka, na ce a maimaita, don na ɗauka kunnena ne. Abin da na ji shi ne matar ƙanena ta daina sa maka daddawa a miya, tana barci da muciya a hannu, saboda haka ni in kashe wutar murhuna a daidai lokacin da kifi ya fara shigowa, in hau motar doya in zo in tuƙa maka tuwo. Haka ne ko ba haka ba?

Ban manta ba, Baba. Lokacin da na dawo daga gidan mijina da akwatina a ka, ban gama hutawa ba ka ce ɗakin da nake ciki na Wumbei ne in ya yi aure. Ban yi maka musu ba, na kama hanya. A nan na koyi banda a hannun matan Fanti, hayaƙi ya ci mini ido, na tsaya da ƙafata. Yanzu da aka rasa mai tuƙa tuwo sai sandar mai duba ta tuna da ni. Sandar nan ban taɓa jin ta nuna ni ranar rabon nama ba.

Ita kuma yarinyar, in ba lalaci ba ne to tsutsa ce. Malamin da ya karanta mini ya ce duk mai cin ƙasa da tofar da yawu tsutsa ke damunsa, ƙanensa ma haka ya yi. Na saya mata ƙwayar tsutsa da kwalbar maganin nan mai ɗaci da masunta ke sha in jikinsu ya yi nauyi. Ƙwayar ta haɗiye a tashi ɗaya, na kwalbar kuma safe da yamma har ya ƙare. Ga kifi a kwando, naka ne, kada Wumbei ya cinye.

'Yarka,
Sanatu


Nanton

Sanatu,

Ina gaishe ki, don gaisuwa wajibi ce. Muna lafiya. Kifi ya iso.

Ƙwayarki da kwalbarki suna cikin masai, ni na jefa su da hannuna. Allah ya taimake ni Zibilim ni ya miƙa wa kayan, ba ita ba. Da Afa ya kai wurin da kika ce safe da yamma, sai da na nemi wurin zama alhali a zaune nake.

Tuwo. Ni zan kira ki daga bakin teku saboda tuwo? Ni da nake riƙe da sunayen sarakunan Dagomba tun daga na farko, da matansu da 'ya'yansu da inda kowa ya faɗi, ni na haifi 'yar da ba ta gane magana sai an tauna an sa mata a baki. Gishirin teku ya shiga kanki.

To tunda kin manta, bari in ba ki labarin abin da ya riga ya wuce, wannan ba laifi a faɗe shi. Lokacin da mahaifiyarki ta ɗauki cikinki, na fari, kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan. Ita kanta ba ta ce ba. Mace ba ta da cikin fari a ƙasar nan sai ranar da 'yar'uwar mijinta ta gaya mata. Kafin wannan rana, duk bakin da ya yi gaggawar ambata ya kira wa abin ido, in ya zube a wuyansa yake. Gwaggonki Lamisi, Allah ya ji ƙanta, tana aure a bayan Karaga, ta taho a ƙasa, ruwa har ƙugu. Da sassafe ta shiga ɗakin, ta dafa kafaɗar mahaifiyarki, ta ce mata jiya ke yarinya ce, yau kin zama babba, kina ɗauke da namu. Ta ɗaura mata laya a wuya, ta yafa mata sabon zane, aka yanka zabi aka ci. Daga ranar kowa ya sami bakin yi mata sannu. Pirigibu ke nan, in har sunan ma kin manta. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwar ubana. Lamisi ba ta aiko da maganin tsutsa ba.

Ban ce komai game da kowa ba. Labari na ba ki.

Yanzu amai ya tsaya, tana cin abinci. Sai ƙwannafi da ya sa ta gaba, in ta ci ba ta iya kwanciya. Na sa ana jiƙa mata kanwa tana kurɓa, yana lafawa. Bayanta na ciwo, na hana ta zuwa rafi, Wumbei ke ɗebo ruwa a keke, samari suna yi masa dariya, na ce su yi. Ƙafafunta sun fara hawa da yamma. Na ce ta riƙa ɗora su a kan turmi ana shafa man kaɗe. Wannan ba komai ba ne, mahaifiyarki ma ta yi.

Ranar kasuwa wata malamar asibiti ta zo a babur tana shela mata su je awo. Wumbei ya zo yana sosa ƙeya, wai ko a kai ta. Na ce masa wane awo? Bencin awo a bakin hanya yake, duk wadda ta zauna a kansa ta yi wa gari shela. A ba ta kati, baƙuwa ta rubuta abin da gwaggo ba ta faɗa ba tukuna? Ba a gidana ba. In kin zo kin yi naki, washegari su tafi duk inda suka ga dama.

Maganar ɗaki kuma, ban kore ki ba. Ɗaki na ce. Ki zo.

Dokurugu


Takoradi

Baba,

Na gaishe ka, na gaida mutanen gida. Takardarka ta daɗe a aljihun Zibilim, motarsa ta lalace a Kintamfo, sai jiya ya kawo mini.

Na gane. Da na tuna kwalbar nan sai da na yi kuka, Allah ya saka maka da ka jefar. Amma kada ka ƙara cewa gishiri ya shiga kaina. Ta ina zan gane, Baba? Duk zaman da na yi a gidan mijina ba wadda ta taɓa dafa kafaɗata da sassafe. 'Yan'uwansa mata sun sayi zane sun ajiye, da suka gaji da jira suka ɗinka wa kansu. Ni ban san laulayi ba sai a jikin wasu. Kuma ni ce matan Nanton suke janye jariransu in na miƙa hannu. Yau hannun nan ake jira?

Na ce maka lafiyata ƙalau, ba haka ba ne. Murhun banda ya rufta mini a ƙafa tun kafin takardarka ta farko, daga gwiwa zuwa idon sawu ya saɓule. Ba na iya takawa sosai, maƙwabciyata ke juya mini kifi. A asibiti ake wanke mini, sun ce in na zauna a bayan mota a kan buhunan gishiri har arewa, ƙafar ruɓewa za ta yi. Zan zo, amma ba yanzu ba.

Saboda haka ka saurare ni. Kumburin ƙafa da ke hawa da yamma ya sauka da safe, mata da yawa suna yi. Amma ka sa Wumbei ya duba. In ya kai hannu da fuska, in kanta yana sarawa, in tana ganin walƙiya-walƙiya, wannan ya wuce turmi da man kaɗe. Esi, mai murhun da ke kusa da nawa, haka ta fara. Muna cewa ƙiba ce, muna yi mata tsiya wai mijinta ya iya kiwo. Ta faɗi a gaban murhu tana jijjiga, ba a kai da ita asibiti ba, ita da abin da ke jikinta. Ni na rufe mata ido. Kuma ku daina ba ta kanwa, a garin nan masu awo hanawa suke yi.

Tunda ni sanda ta nuna, bakina ake jira, to ga shi. Afa, ka kira ta ka karanta mata wannan: Cimsi, jiya ke yarinya ce, yau kin zama babba. Kina da ciki, namu ne. Na faɗa. Laya da zane suna cikin ƙunshin nan. Gobe Wumbei ya kai ta awo.

'Yarka,
Sanatu


Nanton, tsakiyar damina

'Yata Sanatu,

Gaisuwa. Sannu da ƙafa, Allah ya sawwaƙe. Ɓoye ciwo kuma ban san inda kika koyo shi ba. Ga gashin zomo da man kaɗe na aiko, da shi muke rufe ƙuna, ki sa ko kada ki sa. Mu muna lafiya.

Amma abin da kika yi, tun da aka kafa Yendi ban ji wanda ya yi irinsa ba. Kin sa ƙaton malamin zango ya rubuta kalmar, ta kwana a aljihun direba, ta bi garuruwa tana shan ƙura. Allah ya sa idon Afa ya riga bakinsa. Ya kai wurin ya tsaya, ya ce mini 'yarka ta yi aikin a takarda, ya nuna da yatsa. Na yage wurin na sa a wuta. Takarda tana da hannun dafa kafaɗa? Ko Afa da gemunsa shi ne 'yar'uwar Wumbei? Laya da zane na ajiye su a jakar kalangu, suna jiran ki.

Maganar matan Nanton, sanda ba ta shawarce su ba, ni ma ban shawarce su ba. Gwaggonki Lamisi ko ɓari ba ta taɓa yi ba har ta koma ga Allah. Ita ta yi wa mahaifiyarki, ga ki nan da bakinki.

Esi ba 'yar Dagomba ba ce, ban san abin da mutanenta suka bari ba su yi mata ba. Kanwa kuwa tun kafin a haifi kakan mai asibiti ake shan ta.

Tunda kin tambaya, zan gaya miki. Zoben azurfar da ke yatsarta sai da maƙeri ya yanke shi. Fuskar ta cika, idon ya ƙanƙance. Takan ɗaure kanta da ɗankwali tamau, in Wumbei ya tambaya ta ce rana ce. Na sa Afa yana yi mata rubutu tana sha. Ranar Juma'a na saɓa kalangu zan je gaida sarki, na kai ƙofar gida na dawo, ban san dalili ba.

Kina gani kamar taurin kai ne kawai. Na bi matan gidanmu ɗaya bayan ɗaya tun daga kakar kakana, duk an yi musu. Wadda ba a yi wa ba ita ce matar baffanki ta fari. Wani baƙon ɗan koli ya yi mata barka a kasuwa tun ba a faɗa mata ba, kafin wata ya mutu mun binne ta. Ni na kaɗa a jana'izarta, kin san inda kabarin yake. Ba zan sa Cimsi ta zama ta biyu ba. Ki ɗaure ƙafar ki taho.

Mahaifinki,
Dokurugu


Takoradi

Baba,

Na gaishe ka. Ƙafa da sauƙi, gashin zomo yana nan a ajiye. Ba zan tsawaita ba, Zibilim ya riga ya tada mota.

Ka bi waɗanda aka yi wa ɗaya bayan ɗaya. To bi mini waɗanda aka yi wa, suka tafi duk da haka da layar a wuyansu. Kai ba ka mantuwa, ka san su, ni ma na san wasu. Su kalangunka ba ya kiran sunansu.

An yanke zobe, fuska ta cika, kai yana sarawa, kai kuma kana zaune kana jiran gurguwa daga bakin teku. To ji rantsuwata, na yi ta malam yana riƙe da Alƙur'ani. Ba zan taka Nanton ba, ba zan dafa kafaɗar Cimsi ba, sai na ga katin awonta da idona. Zibilim ya kawo mini shi. In babu kati, ka koma wurin mai duba ya nemo maka wata. Ka ce ba ka san inda na koyo halina ba. A gidanka na koya.

In wani abu ya same ta, kada ka aiko mini da takarda.

Sanatu


Tamale, ƙarshen damina

Zuwa ga 'yata Sanatu.

Gaisuwa. Muna lafiya, dukkanmu. Ki fara jin wannan kafin ki hana malamin ci gaba, tunda kin ce kada in aiko. Yaya ƙafa? Daga Tamale nake magana. Afa ya biyo mu da garin tuwo da kukar miya, muna zaune a gindin mangwaron asibiti.

Rantsuwarki rashin kunya ce, za mu yi maganarta in kin zo. Kin ɗaure ni ta gaba da ta baya, ba awo sai kin zo, ba za ki zo ba sai an yi awo. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwar kowa.

Ranar kasuwa da safe Cimsi ta kawo mini koko a rumfa. Ta durƙusa ta miƙa wa ginshiƙi ƙwaryar, ni ina gefe. Na yi gyaran murya. Ta juyo ta ce, "Yi haƙuri, Baba, ba na ganin ka sosai. Wuta-wuta nake gani." Tun da yarinyar nan ta shigo gidana ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ran nan ta buɗe ido a kaina, ba ta gan ni ba.

Na aika aka kira Wumbei daga gona. Na ce masa ƙafafun matarka ba lafiya, za mu kai ƙafafu asibiti. Ya ce awo? Na ce in ka sake faɗin kalmar nan a kanka zan fasa kalangu. Muka tari motar kasuwa zuwa ƙaramin asibiti, aka sa Cimsi a gaba. Ba mu zauna a bencin awo ba, ki riƙe wannan. Ta ƙofar marasa lafiya muka shiga kamar kowa.

Malamar da muka samu wata gajeriya ce mai murya kamar ta mai talla, sunanta Adisa. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa ƙafafu muka kawo. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta naɗa mata wani abu a damtse ta yi ta hurawa, sai fuskarta ta canza. Ta dafa kafaɗar Cimsi, ta ce da ƙarfi a gaban jama'a, "'Yar'uwa, cikin nan naki ya kusa wata takwas, jininki kuma ya hau yana neman ranki. Ina katinki?"

Sannan ta juyo kaina. Abin da ta gaya mini ko sarki bai taɓa gaya mini ba. Wai tsofaffi irina ne ke cika musu maƙabarta da 'ya'yan mutane. Ta tambaya me ake ba ta a gida, Wumbei mai bakin tsiya ya ce kanwa, ta ɗora hannu a ka. Ni kunnena ya tsaya tun a kalmar farko, ina ganin ɗan kolin nan da matar baffanki.

Ba su bari mun koma gida ba. Aka yi mata allura, aka sa mu a motar asibiti zuwa Tamale. A hanya jijjigar ta zo mata. Adisa ta kwantar da ita ta gefe tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafun da na ce na kawo. Ba zan ba ki labarin wannan hanya ba. Likita ya ce ba za a jira ba, suka yi mata aiki. Mace ce, bakwaini. Tana cikin akwatin gilashin nan mai ɗumi da suke ce wa kwalba, ana ɗiga mata nonon uwar kaɗan-kaɗan, kukanta kamar na ɗan tsako. Amma tana kukan. Cimsi ta farfaɗo, jinin yana sauka. Jiya ta hango ni tun daga bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai yadda ta saba.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kyau, malamin zangonki ma ya ji. Da Adisa ta dawo duba ta, na tare ta na ce 'yar wa ce ke? Ta ce ba ta da lokacin tsofaffi. Na bi ta har bakin famfo. Don ta rabu da ni ta ce ubanta Fuseini na Kumbungu. Fuseini ɗan wa? Ɗan Mahama masaƙi. To, magana ta fito. Mahama masaƙi uwarsa Napaga ce, Napaga kuwa 'yar Tiya ce, Tiya ƙanen kakana ne uba ɗaya, wanda ya bar Nanton shekarar da fara ta cinye gero. Ashe Adisa 'yar gidanmu ce, 'yar'uwar Wumbei. Da safe ne, ta dafa kafaɗa, ta faɗa da bakinta. Me ya rage? Laya. Na ciro ta daga jakar kalangu na miƙa mata. Ta ce ba a rataya komai a wuyan wadda aka yi wa aiki. Na ce ɗaura a ƙarfen gado. Ta yi tsaki, ta ɗaura. Sandar mai duba kuwa, da na sake tunani, 'yar gidan nan da ke nesa ta nuna, mu ne muka ɗauka ke ce.

Afa ya ajiye alƙalami yana dariya, wai shi bai taɓa jin Tiya ya haifi 'ya mace ba. Afa bai taɓa riƙe kalangu ba. Ni ne makaɗi, abin da na tuna shi ya faru. Na ce masa ya rubuta.

Saboda haka ba a karya komai a gidana ba, kuma ban kai kowa awo ba, ƙafafu na kai. Ga katin nan a hannun Zibilim, sun cika shi da kansu ba ni na roƙa ba. Ki kalle shi da idonki ki kwance rantsuwarki, ki dawo da shi, suna nema.

Zanen yana nan, ban bari kowa ya taɓa shi ba. Wannan naki ne. Da shi za ki ɗauki jaririyar ranar da za a shigo da ita Nanton, matan unguwa su kalla da kyau. Na aika a share ɗakin mahaifiyarki, ba na Wumbei ba ne, ba na kowa ba ne.

Ki taho da huluna. An ce sanyi ne jaririyar ba ta so, na kasuwar nan kuma duk sun yi mata yawa. In za ki saya, ki auna da lemun zaƙi. Ƙarami.

Mahaifinki,
Dokurugu makaɗi